Yadda ake kama taurarin leƙen asirin soja masu tafiya a ayari a samaniyar Maraɗi

Duk wanda ya saba kwana a tsakar gida lokacin zafi ya san ɗigon hasken nan da ke ratsa taurari a hankali, ba ƙara, ba ƙyaftawa, har ya ɓace. Tauraron ɗan Adam ne, kuma yanzu sun yi yawan da da wuya mutum ya yi minti biyar yana kallon sama bayan magariba bai ga ɗaya ba. Abin da ba kowa ya taɓa gani ba shi ne ɗigo biyu ko uku suna tafe tare, ba wanda ke tsere wa wani a cikinsu, tun daga wannan gefen sama har wancan. Yawancin masu irin wannan tafiya na soja ne, kuma aikinsu sauraron jiragen ruwa.

Ana iya dacewa da su ba zato, amma wanda ya dogara da dace zai daɗe bai gan su ba, kuma ko ya gani ba shi da hanyar sanin abin da ya gani. Hanyar da ke aiki ita ce ka san minti da daƙiƙar da za su wuce, ka san tauraron da za su gifta kusa da shi, ka riga su isa wurin da idonka.

Su wane ne, kuma me ya sa suke tafiya tare

Mafi shahara su ne na Amurka waɗanda masu sa ido ke kira NOSS, wato tsarin sa ido kan teku na sojan ruwa. An harba rukunin farko a 1976, kuma an san shirin da sunan PARCAE ko White Cloud. Hukumar NRO, mai kula da taurarin leƙen asirin Amurka, ba ta fito fili ta yi bayanin wannan zango na farko ba sai a 2023. Zango na biyu, wanda aka harba da rokar Titan IV tsakanin 1990 da 1996, shi ne ya yi suna a wurin masu kallon sama, domin taurari uku ne masu tafiya a siffar alwatika, kuma a dare mai kyau ido kan kama su. Daga 2001 aka koma harba su biyu-biyu. A jerin sunayen da gwamnatin Amurka ke fitarwa, an riƙa rubuta na biyun a matsayin tarkacen roka, sai dai masu sa ido sun lura cewa wannan "tarkace" yana gyara tafiyarsa don kada ɗan'uwansa ya bar shi, abin da guntun ƙarfe ba ya yi. Tsofaffin rukunan uku-uku na Amurka sun daina aiki, sun watse, don haka wanda ke neman alwatika a yau ya fi dacewa ya nemi na Sin. Tun daga Yaogan 9 a watan Maris na 2010, Sin ta harba rukunai da dama masu uku-uku, ciki har da Yaogan 16, 17, 20, 25 da jerin Yaogan 31, a falaki, wato hanyar da tauraro ke bi yana zagaya duniya, kusan iri ɗaya da na Amurka. Hukumomin Sin suna cewa na binciken kimiyya ne da auna ƙasa, masu nazari a waje kuwa sun ɗauke su a matsayin na sa ido kan jiragen yaƙin ruwa. Faransa ma tana da nata guda uku, CERES, da aka harba daga Kuru da ke Kudancin Amurka a watan Nuwamba na 2021, amma suna ƙasa da waɗancan, a tsayin da bai kai kilomita 700 ba.

Dalilin tafiya a ayari lissafi ne. A ce an buga ganga a wani wuri cikin gari, mutum uku kuma suna tsaye a unguwanni dabam-dabam, kowa da agogonsa a hannu. Wanda ya fi kusa zai riga ji, na nesa ya ji daga baya, kuma in an haɗa bambancin lokutan nan uku za a iya nuna inda makaɗin yake ba tare da kowa ya gan shi ba. Haka taurarin suke yi da siginar radar da ta rediyon da jirgin ruwa ke fitarwa. Siginar tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, ke nan kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da mita 300. Shi ya sa dole kowane tauraro ya san ainihin inda ɗan'uwansa yake, kuma shi ya sa tazararsu take a tsare.

Falakin NOSS da na waɗannan Yaogan yana da tsayin kusan kilomita 1,100, da karkatar digiri 63.4 daga layin tsakiyar duniya, kuma suna gama zagaye ɗaya cikin kimanin minti 107. Ba a zaɓi wannan karkata a banza ba: duniya tana da ɗan kumburi a tsakiyarta wanda ke murɗa falakin taurari a hankali, amma a digiri 63.4 wurin da falakin ya fi kusantar ƙasa ba ya yawo, wanda ke taimaka wa ayarin ya zauna a tsarinsa shekara da shekaru.

Mai karatu na iya tambaya: mu da ba mu da teku, me ya kawo su kanmu? Hanya ce ta biyo da su. Tauraro mai wannan karkata yana bi ta kan kowane wuri da ke tsakanin digiri 63 arewa da 63 kudu, Maraɗi kuwa tana kan digiri 13.5 arewa. Ban da haka, daga tsayin kilomita 1,100 ana hangen faɗin ƙasa har kusan digiri 31 ta kowane gefe, saboda haka tauraron da ke saitin kanka a Maraɗi yana kallon mashigin tekun Gini a kudu da gaɓar Bahar Rum a arewa a lokaci guda.

Lokacin fita

Tauraron ɗan Adam ba shi da fitila. Hasken rana yake mayarwa. Kana ganinsa ne kawai in kai kana cikin duhu, shi kuwa can sama rana ba ta faɗi masa ba. Wannan ya sa damar ta taƙaitu ga farkon dare da gabanin asuba. A nan kusa da layin tsakiyar duniya rana tana nutsewa a miƙe, kusan digiri 14 zuwa 15 a awa guda, don haka shafaƙi ba ya daɗewa. Kimanin minti 50 bayan faɗuwar rana sama ta yi duhun da za a ga ƙananan taurari, kuma tauraron da ke kilomita 1,100 a saitin kai yana cikin hasken rana har sai ta yi ƙasa da digiri 31, wato awa biyu da ƴan mintuna bayan faɗuwarta. A watan Nuwamba, da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 6 a Maraɗi, lokacin aikin ya kama daga ƙarfe 7 saura ƴan mintuna zuwa 8 da kwata. A watan Yuni sai a ƙara awa ɗaya. A taƙaice, daga dab da lisha zuwa awa guda bayanta. Ta yamma ana iya ganinsu har bayan haka, domin can ne hasken rana ya fi daɗewa. Da asuba abin yana juyawa: daga awa biyu kafin fitowar rana zuwa lokacin da gari ya fara wayewa.

Sai batun wata, kuma a nan kalandar Musulunci ta fi kowace amfani. Daga daren 18 ga wata zuwa 3 ga na gaba, farkon dare ba farin wata, ko kuma jinjiri ne da ba ya hana komai. Mai son fitar asuba kuwa ya zaɓi daga farkon wata zuwa wajen 11. A tsakiyar wata kada ka wahalar da kanka.

Game da yanayi, a ganina babu lokacin da ya kai kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kuma hazon hunturu bai sauka ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu za ka samu darare marasa ko ɗigon gajimare waɗanda duk da haka ba su da amfani, saboda ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada tana cinye hasken ƙananan taurari, musamman waɗanda ke ƙasa-ƙasa. Damina kuwa tana da nata alheri: daren da aka yi ruwa da la'asar sannan gari ya washe, sama tana fitowa tas fiye da kowane lokaci. Gwaji mai sauƙi a watannin sanyi shi ne ka dubi Kaza da Ƴaƴanta bayan ta ɗago daga gabas. In ka iya ƙirga shida a cikinta da ido, daren ya yi. In dunƙule kawai kake gani, ka koma ɗaki.

Wuri da kayan aiki

Ba dole ne ka fita gari ba. Abin da ake bukata shi ne wurin da fitila ba ta dukan idonka kai tsaye, kuma bishiya ko gini bai tare maka shiyyar da za ka duba ba. Filin ƙwallo na unguwa, harabar makaranta in an ba ka izini, ko bayan gari ta hanyar Tibiri duk suna yi, daren da aka ɗauke wuta kuma tsakar gidanka ma ta wadatar. Ƙauyen da kake da dangi ya fi ko'ina duhu, amma a tuna cewa wasu yankunan kudu da yamma da ke kan iyaka suna fama da ƴan bindiga, kuma babu tauraron da ya cancanci mutum ya kwana a daji dominsa.

Akwai abu biyu da nake ganin sun fi kayan aiki muhimmanci. Na farko, mutumin da ke tsaye cikin duhu da madubin hangen nesa da waya da littafin rubutu abin zargi ne a wannan zamani. Ka nisanci barikin soja, filin jirgi, da shingen jandarma ko ƴan sanda, ka sanar da mai unguwa ko mai gari abin da kake yi, ka riƙe katin shaidarka, kuma kada ka haska fitilar leza sama. Kallon sama ba laifi ba ne, taurarin nan kowa a duniya yana ganinsu, amma bayani da tsakar dare ya fi wuya fiye da bayani da rana. Na biyu, in saman bene za ka hau, ka gaya wa maƙwabta tun da rana, domin lokacin zafi iyalai a waje suke kwana, kuma ba wanda zai yarda cewa sama kake kallo in bai sani ba tun farko.

Kayan aikin ba su da yawa. Madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa, shi ne babba. Lamba ta farko yawan kusantarwa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai 7x50 ya fi dacewa da mai koyo, saboda yana nuna faɗin sama kusan digiri 7 kuma ba ya rawa sosai a hannu. Ka guji waɗanda ake tallar suna kusantarwa sau 30 ko 60, domin filinsu ƙunci ne, tauraron zai shige kafin ka same shi. Sai tabarma da matashi, domin a kwance ake wannan aiki, gwiwar hannu a dafe da ƙirji ko ƙasa; a kaka ka haska wurin kafin ka shimfiɗa saboda kunama, ka kuma sa riga mai dogon hannu saboda sauro. Tocilarka ka rufe bakinta da jar leda, wayarka ka rage haskenta har ƙarshe. Ido yana bukatar kimanin minti 20 cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kuma kallo ɗaya ga farin allon waya yana mayar da kai baya.

Samo lissafin wucewarsu

Kowane tauraron ɗan Adam yana da layi biyu na lambobi da ake kira TLE, waɗanda ke bayyana falakinsa a wata rana da sa'a. Manhaja ce ke karanta su ta gaya maka yaushe zai bi ta kanka. Rundunar sararin samaniyar Amurka tana wallafa na dubban taurari, ciki har da Yaogan na Sin, kuma ana samunsu a shafin intanet na CelesTrak. Na taurarinta na sirri kuwa ta daɗe tana ɓoye da yawa daga cikinsu, sai ƴan sa-kai irin su Ted Molczan a Kanada, Mike McCants a Amurka da Marco Langbroek a Holan suka riƙa auna su da madubi da kyamara da agogo suna fitar da lambobin da kansu. Wannan bambanci yana da tasiri a kanka: lambobin Yaogan sabbi ne kusan kullum, na NOSS kuwa wani lokaci sun kwana biyu.

Hanya mafi sauƙi ita ce Heavens-Above, wanda ke da shafin intanet da manhajar Android, kuma ana iya juya shi zuwa Faransanci. Fara da sa wurinka: digiri 13.5 arewa, 7.1 gabas, ko ka bar wayar ta gano da kanta. Sannan ka tabbatar da agogo, domin nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Lokacin Nijar awa ɗaya ne gaba da GMT duk shekara, daidai da na Najeriya. In ka zaɓi na Paris, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lissafinka zai kauce da awa guda cur. Bayan haka ka shiga rumbun sunayen taurari ka nemi Yaogan 31, ko NOSS, ko lambobin da Amurka ke ba su, kamar USA 229 na 2011, USA 238 na 2012, USA 264 na 2015 da USA 274 na 2017. Mai kwamfuta yana iya amfani da Stellarium, wadda kyauta ce, tana da sashen taurarin ɗan Adam, kuma tana aiki ba intanet da zarar ta sauke lambobin.

Kafin ka sa rai, ka buɗe lissafin kowane ɗan rukunin dabam ka gwada lokutansu. In ƴan rukunin, wato A da B da C, suna kaiwa ƙololuwar tsayinsu a sama cikin daƙiƙu kaɗan ko ƙasa da minti ɗaya tsakaninsu, rukunin yana nan a haɗe. In tazarar ta kai mintuna da yawa, sun watse, kuma ɗai-ɗai za ka gan su. Ka kuma duba ranar da aka sabunta lambobin. Waɗanda suka wuce mako biyu ko uku suna iya kawo kuskuren daƙiƙu da yawa, musamman in tauraron ya gyara tafiyarsa a tsakani.

Daga jerin wucewar da manhaja ta ba ka, zaɓi wadda tsayinta ya haura digiri 50. Ana ƙirga tsayi daga inda sama ta haɗu da ƙasa, wato sifili, zuwa saitin kai, wato 90. Dalilin zaɓen shi ne nisa: a saitin kai tauraron yana kilomita 1,100 daga gare ka, a gindin sama kuwa ya kusa 3,900, ga ƙura a tsakani. Akwai kuma lambar haske, wadda ke tafiya a juye: ƙaramar lamba ita ce haske mai ƙarfi. Tauraron arewa yana kan 2, iyakar ido a wuri mai duhu sosai 6 ne, madubi 7x50 kuma yana kaiwa wajen 9. NOSS sukan kasance tsakanin 5 da 6 a wucewa mai kyau, wato a bakin iyakar ido, ko da yake wani lokaci wani sashe na jikinsu yana walƙo rana su yi haske kamar manyan taurari na ƴan daƙiƙu. Yaogan da madubi za ka neme su.

In ka duba ka ga babu wucewar dare ko ɗaya ta rukunin da kake so, ba manhajar ce ta lalace ba. Falakin yana juyawa yamma da kusan digiri biyu da rabi kowace rana, rana kuma tana matsawa gabas cikin taurari da kusan digiri ɗaya, don haka lokacin wucewarsu yana matsowa da wuri da kimanin minti 14 a rana. Rukuni yakan yi ƴan makonni yana bi da farkon dare, sannan ya koma bi da rana, daga baya ya ɓullo da asuba. Ka nemi wani rukunin kafin wancan ya dawo.

Kwanton ɓauna

Kuskuren mai koyo shi ne ya ɗora madubi a ido ya riƙa share sama yana nema. Filin madubi ƙarami ne, sama kuma faɗi gare ta. Abin yi shi ne ka buɗe taswirar wucewar, ka bi layin da aka zana, ka nemo wani tauraro mai haske ko wata siffa da ba za ka ɓata ba wadda layin ya gifta kusa da ita, ka rubuta daidai lokacin da za su iso nan. A watannin sanyi, taurari ukun nan da ke jere a tsakiyar rukunin taurarin da ake kira Orion da Kaza da Ƴaƴanta alamomi ne masu kyau. Ka zaɓi wuri na biyu a gaba kan layin, saboda in na farko ya kuɓuce maka.

Hannunka ma'auni ne. In ka miƙe shi sosai, faɗin ƙaramin yatsa kusan digiri 1 ne, yatsu uku na tsakiya digiri 5, dunƙulen hannu digiri 10. A Maraɗi tauraron arewa yana sama da gindin sama da dunƙule ɗaya da ɗan ƙari, kuma da shi za ka tsayar da shiyyoyinka in babu hazo. Daga nan ka san cewa waɗannan taurari hanya biyu kawai suke bi a samaniyarmu: ko daga kudu maso yamma su nufi arewa maso gabas, ko daga arewa maso yamma su nufi kudu maso gabas, kuma a duka biyun tafiyar ta fi karkata ga layin kudu da arewa.

Ka kwanta minti 20 kafin lokaci. Saita madubin a kan wani tauraro har ya zama ɗigo mai kaifi, ido ɗaya bayan ɗaya. Saura minti biyu, ka kai madubin wurin da ka zaɓa ka tsaya cik. In kana da abokin fita, shi ya riƙe wayar yana faɗa maka daƙiƙu, kai kada ka ɗauke ido. Abin da za ka gani shi ne ɗigo ɗaya ya shigo ta gefen filin yana tafiya a natse, sannan bayan ƴan daƙiƙu na biyu ya biyo shi, ba a kan sawunsa daidai ba, a ɗan gefe. A saitin kai suna cin kusan digiri 0.4 a daƙiƙa, wato suna ratsa filin madubi 7x50 cikin kimanin daƙiƙa 18. Wannan ya fi tafiyar tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa sanyi nesa ba kusa ba, domin ita a kilomita 400 da ɗoriya take. Tazarar kilomita 50 tsakanin biyu, alal misali, tana bayyana kamar digiri biyu da rabi a saitin kai, don haka sau da yawa za su shiga fili ɗaya tare. Kada ka yi saurin bin na farko. Ka jira daƙiƙa 20 zuwa 30 ka ga ko akwai na uku, sannan ka bi su.

Da ka fara bin su, ka lura da yadda siffar ke sauyawa. Yayin da suke gangarawa nesa, tazarar tana tsukewa a idonka kuma tafiyar tana yin sanyi, alhali a can sama babu abin da ya canza. In wucewar ta ƙare da shiga inuwar duniya, wanda da farkon dare yakan faru a ɓangaren gabas, za ka ga na gaba ya dusashe cikin ƴan daƙiƙu, sannan na baya ya iso kusan wurin shi ma ya dusashe. Manhajar tana ba da lokacin shiga inuwa, kuma in abin da ka gani ya dace da shi, ka samu hujja mai ƙarfi.

Abubuwan da ke rikita mutane

Na farko Starlink, taurarin da ke ba da intanet. Tun daga Mayun 2019 kamfanin SpaceX ke harba su da yawa a tashi ɗaya, kuma a kwanakin farko bayan harbi suna tafiya a jerin gwano, ashirin ko fiye a layi ɗaya, da haske da sauri saboda suna ƙasa. Su ne mutane ke ɗauka a waya suna yaɗawa, kuma ba na soja ba ne, ko da yake tun 2024 NRO ma tana harba nata ƙananan taurari da yawa a tashi ɗaya, waɗanda kan yi irin wannan jeri. Bayan Starlink sun bazu, sukan biyo juna a layi ɗaya da tazarar da ta fi ta NOSS nisa.

Na biyu haɗuwar dace. Da yawan taurarin da ke sama yanzu, biyu suna iya shiga filin madubinka tare ba tare da wata alaƙa ba. Ka bi su minti ɗaya: in hanyoyinsu sun fara rabuwa ko ɗaya ya tsere wa ɗaya, ba ayari ba ne. Jirgin sama kuwa, da mai matuƙi da marar matuƙi, madubi yana tona shi da fitilu masu ƙyaftawa ko ja da kore. Gangar roka da aka yar tana yin haske tana dusashewa a kai a kai saboda tana juyi.

Ko ayari na gaskiya ma ba lalle ne na soja ba. Kamfanin HawkEye 360 na Amurka yana da rukunai uku-uku tun 2018 masu sauraron siginar rediyo don kasuwanci, ga kuma tagwayen kimiyya irin su GRACE-FO masu tazarar kusan kilomita 220. Abin da ke raba gardama shi ne lokaci, shiyya da sauri su dace da lissafin wani rukuni sananne. In ka ga ayari ba zato, ka rubuta lokacin nan take, sannan ka mayar da agogon Stellarium zuwa wannan minti ka ga wane ne ya bi ta wurin.

Rubutawa da ɗaukar hoto

Ka ware littafi guda. A kowane gani ka rubuta kwanan wata, wurin da kake, sunan rukunin, lokacin da aka yi hasashe da lokacin da suka iso, yawansu, tazarar daƙiƙu tsakaninsu, da yanayin sama. Hanya mai sauƙi ta kama lokaci ba tare da kallon allo ba ita ce ka kunna rikodar murya a waya a daidai farkon wani minti da ka sani, ka ajiye ta, sannan ka ce "yanzu" duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya gifta tsakanin taurari biyu da ka gane. Daga baya sai ka saurara ka ƙirga. Kafin ka fita ka daidaita agogon wayar da shafin time.is, domin agogon waya yakan kauce da daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma a daƙiƙa ɗaya tauraron ya ci fiye da kilomita 7.

Hoto yana yiwuwa in wayarka tana barin ka saita kyamara da hannu. Kafa ta a kan abin da ba ya motsi, ka sa tsawon ɗauka daƙiƙa 10, ISO tsakanin 1600 da 3200, saitin nisa a ƙarshe, ka kuma sa jinkirin daƙiƙa biyu ko uku don kada taɓawar yatsa ta girgiza ta. Ka fara ɗauka a jere tun saura minti ɗaya. Kowane tauraro zai fito a matsayin siririn layi mai tsawon kusan digiri 4, kuma ayari zai ba da layuka biyu ko uku masu tsawo ɗaya da ke kwance gefe da gefe. A ƙaramar waya layin kan yi rauni har sai ka faɗaɗa hoton a kwamfuta ka ƙara masa haske, don haka kada ka goge hotunan a filin saboda ba ka ga komai a allo ba.

Bambancin da ka rubuta tsakanin hasashe da isowa shi ne za ka yi aiki da shi a fita ta gaba. In rukuni ya makara da daƙiƙa 15 yau kuma ba a sabunta lambobinsa ba, gobe ka sa ran zai makara da kusan haka ko ɗan fiye, sai ka daɗa tsawon jiranka a kan tauraron da ka zaɓa gwargwadon haka.